Gadon Tsohuwar Ƙaramar Bindigar Soja: Tambayoyi da Amsoshi kan Gane Ta da Yi Mata Rajista

Yakan faru magada su ci karo da ƙaramar bindiga a ƙasan akwati yayin da suke tattara kayan mamaci, musamman idan marigayin ya taɓa aikin soja ko na ɗan sanda, ko kuwa shi ma gadonta ya yi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi tasowa a irin wannan hali. Dokokin makamai sun sha bamban daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka hukumar da ke ba da lasisi a inda bindigar take ita ce mai magana ta ƙarshe.

Mene ne abu na farko da ya kamata a yi idan aka ga bindigar?

A ɗauka cewa da ɗuri a cikinta, ko da kowa a gidan ya rantse cewa ta shekara hamsin ba wanda ya taɓa ta, domin harsashin da ya zauna a busasshen wuri yana iya tashi bayan shekaru masu yawa. Kada a sa yatsa a kunama, kada a juya bakinta wajen kowa, kuma wanda bai san yadda irinta take aiki ba kada ya yi ƙoƙarin buɗe ta. Kuskuren da ya fi jawo asarar rai shi ne zaton cewa da zarar an zare gidan harsasai daga cikin ƙota bindiga ta zama fanko, alhali kuwa harsashi ɗaya kan rage a gindin bututu, a shirye yake ya fita.

Bayan haka a kulle wurin, a nisanta yara da baƙi, a ɗauki hotunan bindigar kamar yadda aka same ta, sannan a sanar da 'yan sanda ko hukumar lasisi. Ba hikima ba ne mutum ya naɗe ta a tsumma ya nufi caji ofis da ita ba tare da ya sanar tukuna ba, saboda duk wanda aka tare a hanya da bindiga marar takarda, kyakkyawar niyyarsa ba ta rubuce a goshinsa. A kira su, a bi umarnin da suka bayar, a kuma rubuta ranar da aka kira da sunan ofishin da ya amsa.

Tun da gado ce, ba ta zama tawa kai tsaye ba?

A nan ne mutane da yawa ke shiga matsala. Gado yana ba magaji mallakar dukiya, amma izinin riƙe makami abu ne dabam, wanda hukuma take bai wa mutum da sunansa bayan ta bincike shi, kuma wannan izini yana ƙarewa da rasuwar mai shi. Mutum yana iya gadon motar mahaifinsa, amma ba ya gadon lasisin tuƙinsa, to haka lamarin yake.

Abin da dokoki da yawa suka yi shi ne bai wa magaji ɗan taƙaitaccen lokaci don ya daidaita al'amura. Dokar Makamai ta Nijeriya, wadda asalinta na 1959 ne, ta yarda wanda kayan mamaci ke hannunsa ya riƙe bindigar da marigayin yake da lasisinta na tsawon kwana 14 bayan rasuwa, kuma Sufeto Janar na 'yan sanda yana da ikon karɓe ta ya ajiye a ma'ajiyar makamai ta gwamnati har sai an ba da sabon lasisi. A jihar New York ta Amurka wa'adin mai kula da dukiyar mamaci kwana 15 ne. A Jamus magaji yana da wata ɗaya daga lokacin da ya karɓi gado don neman katin mallakar makami. A Birtaniya kuwa 'yan sanda kan ba da izinin wucin gadi ga mai kula da dukiyar domin ya samu damar sayarwa ko miƙawa. Abin lura shi ne waɗannan ranaku suna tafiya ne a daidai lokacin da iyali ke cikin jimami, lokacin da batun bindiga ba ya ran kowa.

Ta yaya za a gane wace iri ce?

A fara da siffa. Idan tana da ganga mai ramuka biyar ko shida ko bakwai da ke juyawa a bayan bututu, libarba ce. Idan kuwa harsasanta suna shiga ne ta gidan da ake cusawa cikin ƙota, kuma samanta yana ja da baya idan an harba, to fistol ce mai ɗura wa kanta harsashi.

Daga nan akan bi sanannun samfura. Libarbar Webley ta sojan Birtaniya, wadda aka fara amfani da ita a 1887, tana karyewa biyu ta sama idan an danna makullinta, kuma samfurinta na shida, wanda ya fito a 1915, shi ne ya fi yaɗuwa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Enfield mai lamba biyu ta gaje ta a 1932, tana kama da ita ƙwarai amma ta fi ta ƙanƙanta. Luger, wadda sojan ƙasa na Jamus suka ɗauka a 1908, ba ta ɓoyuwa saboda gwiwar ƙarfen da ke samanta mai lanƙwashewa sama da kuma ƙotarta mai karkata. Walther P38 ta biyo bayanta, kuma rabin bututunta a waje yake. Colt M1911 ta Amurka, ƙirar John Browning, ta yi aiki a matsayin bindigar soja har zuwa 1985. Browning Hi-Power ta kamfanin FN na Beljiyam ta fito a 1935 da gida mai cin harsashi 13, ta kuma shiga hannun rundunonin ƙasashe da dama. Akwai Tokarev TT-33 da Makarov na Tarayyar Sobiyet, da Beretta ta 1934 ta Italiya, da Nambu ta Japan.

Sai dai siffa kaɗai ba ta isa ba, domin an kwaikwayi yawancin waɗannan samfura a wasu ƙasashe. Tokarev, alal misali, an ƙera ta a Sin da Poland da Hungary da Romaniya.

Me hatimai da rubuce-rubucen jikinta suke nufi?

Su ne ainihin takardar shaidar bindigar, kuma sun cancanci a zauna a kansu da gilashin ƙara girma da fitila mai haske. Akan same su a gefen jiki, a saman bututu, a ƙarƙashin ƙota da kuma kusa da kunama. Iri uku ne: tambarin maƙera, hatimin gwajin ƙarfi, da alamar rundunar da ta mallake ta.

A bindigogin Birtaniya, alama mai kama da kan kibiya, layi uku da suka haɗu a sama, tana nufin kayan gwamnati ne. Idan aka ga irin wannan kibiya guda biyu suna fuskantar juna, to gwamnati ta sayar da bindigar ne bayan ta gama aiki da ita, kuma wannan ƙaramar alama tana da amfani a gaban hukuma, domin tana nuna cewa ta bar hannun soja ta halastacciyar hanya. Haruffan BNP ƙarƙashin kambi hatimin gidan gwaji ne na Birmingham, wanda aka kafa a 1813. Haruffan ELG a cikin da'ira mai siffar ƙwai na gidan gwaji ne na Liège a Beljiyam.

Jamusawa a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu sun ɓoye sunayen masana'antunsu a bayan haruffan sirri. A jikin P38, “ac” na nufin Walther, “byf” na nufin Mauser, “cyq” kuma Spreewerk, sannan akan ga ɗan ƙaramin hoton gaggafa da lamba a ƙarƙashinta, wato hatimin jami'in da ya duba ta. Yawancin Luger na soja suna ɗauke da shekarar ƙira a saman gindin bututu. A bindigogin Amurka rubutun “UNITED STATES PROPERTY” ne ke nuna mallakar gwamnati, kuma ba Colt kaɗai ya ƙera M1911A1, wato gyararren samfurin M1911, a lokacin wannan yaƙin ba: Remington Rand, mai ƙera tafireta, ya fi kowa yawan ƙerawa, yayin da Singer, mai ƙera keken ɗinki, ya yi guda 500 kacal, abin da ya sa nasa suke cikin mafi tsada a wajen masu tara tsofaffin makamai. Tauraro a jikin bindigar Sobiyet alamar masana'antar Tula ce, kibiya a cikin alwatika kuma ta Izhevsk.

Kwanan wata ma yana buƙatar fassara. Japanawa suna lissafi ne da shekarun sarautar sarkinsu, don haka 18.6 a jikin Nambu na nufin watan Yuni na shekara ta 18 ta zamanin Showa, wato 1943. A jikin Beretta ta zamanin Mussolini akan ga shekarar miladiyya tare da lambar Romawa, kamar 1940 da XVIII, wadda ke ƙirga shekarun mulkinsa daga 1922.

Lambar jikinta ta isa a yi rajista da ita?

Ita ce ginshiƙin rajista, amma dole a kwafe ta cikakkiya. A Luger ta soja lambar ba ta wuce alƙaluma huɗu kafin a sake farawa daga ɗaya tare da ƙara ƙaramin harafi a ƙasa, saboda haka bindigogi da yawa suna iya ɗaukar lamba iri ɗaya, kuma harafin da shekarar da sunan maƙera su ne ke rarrabe su. Wanda ya cika takarda ya manta harafin yana iya tarar da lambarsa ta yi karo da ta wata bindiga da ake nema.

Akan kuma buga lambobi biyu na ƙarshe a kan ƙananan sassa. Idan duk sun dace, bindigar tana nan yadda ta fito daga masana'anta. Idan sun saɓa, an yi mata gyara da sassan wata, wanda abu ne da ma'aikatun soja suka saba yi, kuma yana rage daraja amma ba laifi ba ne. Abin da yake laifi shi ne lambar da aka goge ko aka kankare da gangan. Riƙe irin wannan bindiga babban laifi ne a ƙasashe da yawa, kuma magajin da ya ga alamar zarto a inda lamba ya kamata ta kasance, lauya ya kamata ya nema kafin komai.

Iyali suna da labarin yadda aka samo ta. Wannan zai taimaka?

Zai taimaka idan takarda ta goyi bayansa. Labarin baka yana canzawa daga tsara zuwa tsara, kuma ba abin mamaki ba ne a ce an ƙwato bindiga a hannun wani janar a 1944, sai hatiminta ya nuna cewa bayan yaƙi aka ƙera ta. A bincika kayan marigayin a nemi tsohon lasisi, rasidin saye, takardar sallama daga aikin soja, ko hoton da yake rataye da ita. Sojojin Amurka da suka dawo da ganimar yaƙi akan ba su takardar izini mai sa hannun kwamandansu, ɗauke da lambar makamin. Hafsoshin Birtaniya a Yaƙin Duniya na Ɗaya da kuɗinsu suke sayen bindigoginsu, shi ya sa akan ga wasu da sunan mai su a zane. Kamfanin Colt yana da sashen adana tarihi da ke ba da wasiƙar da ke nuna ranar da bindiga ta bar masana'anta da inda aka aika ta.

Tsufanta bai fitar da ita daga ƙarƙashin doka ba?

Galibi bai fitar ba, kuma wannan zato ya kai mutane gaban alƙali. A dokar tarayya ta Amurka, bindigar da ake ɗauka ta tarihi ita ce wadda aka ƙera a 1898 ko kafin nan. Wadda ta kai shekara 50 tana shiga ajin kayan masu tara makamai, amma har yanzu bindiga ce a idon doka. A Birtaniya, ƙa'idojin 2021 sun shardanta a ƙera ta kafin 1 ga Satumba 1939, kuma harsashinta ya kasance cikin jerin waɗanda aka daina amfani da su, sharaɗin da Luger mai cin harsashi milimita 9 ba za ta cika ba komai tsufanta. A Nijeriya jadawalin dokar ya sa har ƙananan bindigogi masu ƙanƙara irin na da a cikin haramtattu. Kusan duk ƙaramar bindigar da aka yi yaƙe-yaƙen duniya biyu da ita tana nan a ƙarƙashin doka.

To yaya ake yin rajistar, kuma ko tana yiwuwa a ko'ina?

Inda take yiwuwa, matakan sun yi kama da juna. Magaji zai gabatar da takardar shaidar rasuwa, da wasiyya ko takardar kotu da ke nuna cewa bindigar ta faɗo a rabonsa, da lasisin marigayin, da cikakken bayanin bindigar: maƙera, samfuri, girman harsashi da lamba. Hukuma za ta binciki tarihinsa na laifi da lafiyar hankalinsa, sau da yawa kuma ta nemi ganin akwatin ƙarfen da zai ajiye ta. Kafin a kammala, bindigar takan zauna a hannun 'yan sanda ko dillalin makamai mai lasisi.

Amma gaskiyar da ya kamata a faɗa a fili ita ce a wurare da dama amsar a'a ce. A Nijeriya libarba da fistol suna cikin ajin haramtattun makamai, wanda shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu, saɓanin bindigar farauta da Sufeto Janar ke ba da nata, kuma hukuncin riƙe su ba lasisi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Birtaniya ta haramta ƙananan bindigogi a 1997 bayan kisan da aka yi a makarantar Dunblane a 1996, ta bar ƙofa ƙarama ga masu tara kayan tarihi: waɗanda aka ƙera kafin 1919 kuma harsashinsu ba ya samuwa ana iya ajiye su a gida da izini na musamman, wasu masu muhimmancin tarihi kuma sai a wurin da gwamnati ta keɓe. Kanada ta dakatar da saye da sayarwa da miƙa ƙananan bindigogi tsakanin jama'a tun Oktoba 2022, kuma dakatarwar ta shafi gado.

Jamus ta ɗauki hanyar tsakiya, wadda a ganina ta fi adalci ga magaji. Idan marigayin ya mallake ta bisa doka, magajin da ba shi da tabo yana iya riƙe ta ko da shi ba mafarauci ba ne ko ɗan wasan harbi, amma sai an toshe bututun da makulli na musamman, kuma ba a yarda ya ajiye harsashi ba. Amurka kuwa ba ta da rajistar tarayya ta ƙananan bindigogi na yau da kullum, dokar 1986 ma ta hana kafa ta, amma jihohi irin su Kalifoniya da Hawaii da New York suna da nasu tsarin.

Idan marigayin ba shi da lasisi fa?

Wannan ya fi kowane hali yawa game da ganimar yaƙi. Sassaucin da ake yi wa magada galibi ya ta'allaƙa ne da cewa marigayin ya riƙe ta bisa doka, don haka bindigar da ba ta taɓa shiga rajista ba ba ta da wa'adin kwanakin da aka ambata. Magaji bai yi laifi ba don ya same ta, amma laifi yana farawa daga lokacin da ya san da ita ya ci gaba da ɓoyewa. Mafita ita ce a sanar da wuri, zai fi kyau ta hannun lauya. Wasu ƙasashe kan buɗe lokacin afuwa: Faransa ta yi haka daga 25 ga Nuwamba zuwa 2 ga Disamba 2022 musamman don makaman gado da na tsintuwa, inda aka miƙa kimanin 150,000.

A Amurka akwai wani tarko na dabam. Bindigar da ke harbi ba tsayawa, kamar wani samfurin Mauser mai maɓallin sauya harbi, tana ƙarƙashin wata dokar tarayya ta 1934 da ta wajabta yi wa irinta rajista. Idan marigayin ya yi mata rajista ana miƙa ta ga magaji ba haraji, idan kuwa bai yi ba to babu hanyar yi mata yanzu, domin afuwar kwana 30 da aka bayar a 1968 ta wuce.

Ana iya gwada harba ta?

Sai bayan an samu izini, kuma maƙerin bindiga ƙwararre ya duba ta. Harsasai masu suna kusan ɗaya ba ɗaya ba ne: milimita 9 na Luger dabam, na Makarov dabam, na Beretta ta 1934 dabam. Mafi haɗari su ne waɗanda ke shiga daram alhali ƙarfinsu ya wuce na bindigar. Harsashin Tokarev yana shiga Mauser C96 amma ya fi ƙarfinta, haka ma harsashin Luger a cikin Glisenti ta Italiya. Libarbar Webley da yawa an rage musu bayan ganga don su ci harsashin .45 na Amurka, wanda matsinsa ya zarce abin da aka ƙera su don shi. Tsofaffin harsasan da aka samu tare da ita a miƙa su ga hukuma, kada a jefa su a shara ko a wuta.

A goge tsatsar a gyara ta?

A'a. Gurza ta da yashin takarda ko sake mata launi yana shafe hatiman da ake gane ta da su, yana kuma karya darajarta. Ɗan mai a tsumma mai laushi ya wadatar. A raba ta da kuben fata, domin fata tana riƙe danshi, amma a adana kuben, saboda shi ma yakan ɗauki hatimi da shekara a cikin murfinsa.

Idan doka ba ta yarda a riƙe ta ba, sai a rasa ta ke nan?

Ba lallai ba. Ana iya kashe ta, wato a toshe bututu a lalata sassan harbi ta yadda ba za ta sake aiki ba, amma sai ta hannun wanda hukuma ta amince da shi, a kuma karɓi takardar shaida. Tarayyar Turai ta kafa ma'auni ɗaya na wannan aiki a 2015. Walda da aka yi a gida ba ta canza matsayin bindiga a doka. Ana iya ba da ita ga gidan tarihin soja, kuma wadda take da takardu da labarin mai ita ta fi samun karɓuwa. Inda doka ta yarda, dillali mai lasisi yana iya sayar da ita kuɗin ya shiga cikin dukiyar gado, wanda kuma shi ne mafi sauƙi idan magada suna da yawa kuma ba wanda ya cika sharuɗɗan lasisi. Idan duk wannan bai yiwu ba, a miƙa ta ga 'yan sanda, a karɓi rasidi mai ɗauke da samfuri da lamba da kwanan wata, a ajiye kwafinsa tare da takardun gadon.

Marigayin ya rasu a wata ƙasa. Ana iya kawo ta gida?

Sai da izinin fitarwa daga ƙasar da take da izinin shigarwa daga ƙasar da za ta, kuma dillalai masu lasisi ne ke gudanar da jigilar. Sa ta a jakar tafiya ko aika ta ta gidan waya ba tare da waɗannan takardu ba fasa-ƙwaurin makamai ne, ko da takardar gado tana hannu. A Afirka ta Yamma yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006, ta hana shigo da su ƙasashen ƙungiyar sai da keɓewa ta musamman da gwamnati ke nema. A cikin Amurka, dokar tarayya ta yarda magaji ya karɓi bindigar gado daga wata jiha, muddin mallakarta halas ce a jihar da yake zaune.